Kusa da Ƙusa

Igiyar shanya ce shuɗiya, irin ta roba da ake sayarwa a bakin kasuwar Sabon Gari. Madam ce ta kwance ta daga tsakar gidanta ta zo da ita makaranta, washegarin ranar da na shiga ofishin malamai ina huci na ce yaran ajina ba su da kai. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce in zauna in sha ruwa, kai kam suna da shi, sai dai in ni ce ban san ta inda ake shiga ba.

A lokacin shekarata ta biyu ke nan da fara koyarwa a wata ƙaramar makarantar coci da ke Jushi. Ina zaune a Samaru tare da mahaifiyata, kullum in hau bas zuwa Kwangila, daga nan in nemi keke mai ƙafa uku. Na fito jami'a da kwalina a hannu da girman kai daidai gwargwado, ina ganin duk wanda bai gane bayanina ba laifinsa ne. Madam kuwa ta fara koyar da lissafi tun kafin a haife ni. 'Yar ƙabilar Ibo ce, amma a Sabon Gari aka yanke mata cibi, a nan ta yi aure, a nan ta haifi 'ya'yanta huɗu. Hausa a bakinta ba ta da makusa, har da zolayar da ba kowa ya iya ba, sai abu ɗaya: harshenta bai taɓa yarda da haruffa masu lanƙwasa ba. Ƙofa a wurinta kofa ce, ƙarfe karfe. A makaranta ina ce mata Madam kamar kowa. Da mun fita daga ƙofar makaranta sai ta koma Mama, ni kuma in koma 'yata.

Darasin da ya hana ni sakat shi ne wanda littafi ya ba wata doguwar kalmar Turanci, mu kuma muka raɗa masa lissafin yiwuwa. Littafin ya ce a jefa kwabo sama a ga ta ina zai faɗi. Na tambayi yara wa ya taɓa riƙe kwabo, hannu biyu kawai aka ɗaga, ɗaya ma a cikin akwatin kakarsa ya gani. Na kawo ƙwayar lido daga gida, shugaban makaranta, wanda dattijo ne a coci, ya leƙo ta taga ya gani, ya kira ni gefe ya ce ba za a koya wa 'ya'yan mutane caca a ƙarƙashin rufinsa ba. Na koma ga murfin kwalbar lemo. Shi kuma murfin ya ƙi yin adalci, ya yi ta faɗuwa ta gefe ɗaya, har yara suka fara tambayata ina rabi da rabin da na yi musu alkawari. A nan ne haƙurina ya ƙare.

Madam ta shigo ajin da kayanta a leda. Ta fara fito da tsohuwar safar mijinta, wanda ya riga mu gidan gaskiya, ta zuba farin wake bakwai da ja uku a ciki a gaban kowa. Yaro ya zo ya rufe ido ya zaro ɗaya, a ja layi a allo, ya mayar, a girgiza, wani ya zo. Aji ya kaure. Wanda ya zaro ja sai a yi ta masa kirari, wai mai sa'a. Wata yarinya sai da ta yi addu'a a fili kafin ta sa hannu, na buɗe baki zan hana ta, Madam ta ce in bar ta ta yi addu'arta, mu dai mu rubuta abin da ya fito. Kafin a tashi tara layukan fari sun ninka na ja har da ƙari, kuma ba wanda ya buƙaci in yi masa bayani. Na tsaya a bayan aji ina jin haushi da sha'awa a lokaci guda.

Bayan tara sai ga igiya. Akwai wata tsohuwar ƙusa a bango kusa da ƙofa, inda ake rataye tsumman goge allo. Madam ta ɗaura bakin igiyar a jikinta, ta ja ta tsallaka aji ta ɗaura ɗaya bakin a ƙarfen taga. Ta ce ƙusa ita ce sifili, wurin abin da ba zai taɓa yiwuwa ba. Taga ita ce ɗaya, wurin abin da babu makawa. Tsakiya kuma rabi. Ta yayyanka kwalin taliya, muka rubuta magana a kan kowane yanki, ta raba wa yara 'yan robobin nan da ake maƙale shanya da su. Aikinsu shi ne su maƙala kowane kwali a inda ya dace.

Rana za ta fito gobe, wannan ya tafi jikin taga ba musu. Akuya za ta ja waƙa a coci ranar Lahadi, aka manna shi a jikin ƙusa, ko da yake wani yaro ya ce shi fa ya san wata mawaƙiya a cocinsu da ba ta fi akuya ba, sai da na tsawata masa ina danne dariya. Za a yi ruwa yau, suka leƙa sama suka ga hadari, suka kai shi kusa da taga. Za a kawo wuta kafin a tashi, wannan sai da aka kusa dambe a kansa. Duk wanda kwalinsa ya matsa wajen ƙofa Madam za ta ce, "Wannan kam ya yi kusa da kusa," yara su fashe da dariya, ita ma ta taya su, don ta san abin da suke wa dariya. Kafin mako ya fita maganar ta zama ta makarantar gaba ɗaya. In ka tambayi yaro ko zai ci jarrabawa, sai ya sosa ƙeya ya ce kusa da kusa ne, Anti.

Ni ce na kawo shawarar mu ƙara da kalmomin da mutane ke faɗa kullum, don in nuna ni ma ina da dabara. Na rubuta tabbas, da wuya, watakila, mai yiwuwa, da kuma zan duba. Huɗun farko suka sami wurinsu ba wahala. Kwalin ƙarshe ya faɗa hannun wata yarinya mai shiru-shiru, 'yar wani mai wa'azi daga kudancin Kaduna. Ta tafi kai tsaye wajen ƙofa ta maƙala shi, tsakaninsa da ƙusa bai fi faɗin yatsa ba.

Na ce mata ta yi kuskure. Wanda ya ce zai duba bai yanke shawara ba tukuna, ko ya yi ko kada ya yi, hanya biyu ce, don haka wurinsa tsakiya.

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Anti, in Baba ya ce zan duba, an gama maganan."

Aji duka ya goyi bayanta. Wannan ya ce tun bara babansa ke duba maganar keke. Waccan ta ce mamarta na duba maganar takalmin Kirsimeti tun tana aji uku. Har 'ya'yan 'yan kasuwar kudu, waɗanda a gida ba Hausa ake musu ba, suka ce ai a kowane yare haka take. Na juya wajen Madam ina jiran ta mara mini baya. Ta matso kusa da ni, ta yi ƙasa da murya don kada yara su ji, ta tuna mini cewa waken da ke cikin safa ma kala biyu ne, amma ba rabi da rabi ba ne. Ta ce yaran nan tun da aka haife su suke zaro wake daga wannan safar, sun san abin da ya fi fitowa.

Gaskiya ta faɗa, kuma na sani a take. Amma a gaban yara arba'in, da kwalin jami'ata, ban iya haɗiye ta ba. Na taka na cire kwalin da hannuna na maƙala shi a tsakiyar igiya, na ce a ajin lissafi muke, ba a tsakar gida ba. Madam ta ɗaga kafaɗa ta ce ajina ne. A nan kwalin ya zauna har ƙarshen zango, yara suna wucewa ta ƙarƙashinsa suna kallonsa kamar baƙon da ya zauna a kujerar mai gida.

Wannan bai ɓata tsakaninmu ba. Shekara uku muka yi tare bayan haka, kuma in aka ce in zaɓi shekarun da zan so a mayar mini, su zan zaɓa. Muna cin abinci a tebur ɗaya, ita ta kawo alale a ganye, ni in kawo dafaffiyar masara daga gonar mahaifiyata da ke Bomo. Ita ta koya mini yadda ake yi wa yaro gyara ba tare da an karya masa zuciya ba, ko da yake har yau ban ƙware ba. Ranar Juma'a in an tashi nakan bi ta gidanta, ɗaki biyu a wani babban gidan haya, mu zauna a bakin ƙofa tana ba ni labarin Sabon Garin da ta sani tana yarinya, da wanda ke da wane shago, da wanda ya auri wa. In na miƙe zan tafi kuwa sai ta ɗaura ɗankwali ta raka ni har bakin titi, ta tsaya sai na sami keke. Gwiwarta na damunta, na sha roƙonta ta zauna. Takan ce ita ba a yi mata tarbiyyar barin mutum ya fita daga gidanta shi kaɗai kamar ɓarawo ba. Ko ruwa ake yi sai ta ɗauko lema.

A zango na uku na shekarar ƙarshe, 'yarta da ke aure a kudu ta haihu. Al'adarsu ce uwa ta je ta zauna ta kula da mai jego wata biyu ko uku, don haka da Madam ta ce za ta tafi da zarar an ba da dogon hutu, ban ɗauke shi a bakin komai ba. Na lissafa, na ga za ta dawo kafin a yi nisa a sabon zango.

Yanzu in na tuna abubuwan da na gani da idona a makonnin nan, sai in rasa inda zan sa kaina. Na je gidanta na tarar ta ba maƙwabciyarta babbar tukunyarta da turmi. Ta ce wai sun tsufa ne. Na ga tana bin shaguna ɗaya bayan ɗaya tana gaisawa da mutanen da ta shekara ba ta leƙa ba. Ta je maƙabarta ta share kabarin mahaifiyarta. A cocinsu an kira ta gaba an yi mata addu'a, har matan zumunta suka ba ta atamfa. Ranar da aka rufe makaranta ta kwance igiyar, ta naɗe ta, ta haɗa da safa da waken da kwalayen, ta sa mini a jaka ta ce in ajiye. Duk wannan ya wuce ta gabana, ni malamar lissafin yiwuwa.

A bakin titi ranar, muna jiran keke, na tambaye ta ko za ta dawo kafin a koma makaranta ko sai an ɗan shiga zango. Ta bi motocin da ke wucewa da kallo. Sannan ta riƙe hannuna ta ce, "Zan duba, 'yata."

Na ce to, Allah ya kai ta lafiya, ta gaishe mini da mai jego. Ta ce motarsu za ta tashi ranar Asabar da safe daga tashar manyan motocin kudu. Ba ta ce in zo ba. Ba halinta ba ne ta roƙi abin da ta ga ya kamata mutum ya sani da kansa.

Ranar Asabar aka wayi gari da yayyafi. Mahaifiyata na son a zuba taki a gona kafin ƙasa ta bushe, kuma daga Samaru zuwa tasha tafiya ce. Na tsaya a bakin ƙofa na yi 'yar shawara da zuciyata, na ce ai rakiya har tasha ta mai tafiya ba dawowa ce, wadda za ta je wankan jego ta dawo in na je ma sai ta yi mini dariya. Na ɗauki buhun taki na bi mahaifiyata Bomo. Na tuna har waƙa na yi a gonar.

Bayan kamar mako biyu na shiga kasuwar Sabon Gari sayen yadi, sai na ci karo da yarinyar nan 'yar mai wa'azi, ta girma har ta kusa kai ni tsawo. Ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta ce ba su gan ni a tasha ba. Ta ce kusan duk 'yan ajinsu sun je, da malamai, da matan gidan haya, da masu shaguna. Ta ce Madam ce ta ƙarshe da ta shiga mota, ta tsaya a matakala tana ta duban bakin tasha, har sai da direba ya yi mata magana sau biyu.

Na tambaye ta yadda aka yi suka san ba za ta dawo ba. Ta dube ni da mamaki na gaske, ta ce ai sun tambaye ta a aji, ta ce musu za ta duba.

Ban sayi yadin ba. Na hau keke zuwa Kwangila ina kuka a gaban mutane, wata dattijuwa da ke gefena tana ta ba ni haƙuri, ta ɗauka rasuwa aka yi mini. Matar da ta raka ni bakin titi kowace Juma'a da gwiwa mai ciwo, sau ɗaya tak ta buƙaci rakiyata, na tafi zuba taki. Na kira ta da yammacin ranar na ba ta haƙuri. Ta ce ba komai, ta san damina ce, gona ba ta jira. Da ta yi mini faɗa da na fi samun sauƙi.

'Ya'yanta ne suka riƙe ta. Sun daɗe suna cewa ta tsufa, ba za ta zauna ita kaɗai a arewa ba, haihuwar nan ce ta ba su dama. Ta san haka tun kafin ta tafi. Ta kasa buɗe baki ta ce ta bar garin da aka haife ta, sai ta faɗa mana ta hanyar da kowane ɗan Zariya zai gane. A waya takan ce mini can kowa na kiranta 'yar arewa, wai Ibonta ma da ƙamshin Hausa. Ta ce abin da ta fi kewa shi ne ta fito da safe a ce mata ina kwana, ta amsa, a tambaye ta gajiya, ta amsa, a yi ta yi har a rabu. Don haka in na kira ta ba na gaggawa, sai mun bi gaisuwar nan tun daga farko har ƙarshe, har da ya ruwa, ko da rani ne.

Shekaru sun tafi. Na yi aure, na haifi uku, na koma wata makaranta a nan Samaru. Mahaifiyata ta daina zuwa gona. Na bi ta Jushi kwanakin baya na ga an yi wa gidan hayar fenti, wata mata da ban sani ba tana wanki a bakin ƙofar da muke zama. Igiyar kuwa tana nan a wurina, ta koɗe, na ƙulla ta a wuri biyu. Duk shekara in an zo wannan darasi nakan sa a buga mini ƙusa a bango, in kawo safa da wake, wanda na sha canjawa saboda ƙwari. Kuma duk shekara, yaran da ba su taɓa jin labarin Madam ba, in na ba su kwalin nan na zan duba sai su kai shi wajen ƙofa. Ban sake taɓa shi ba. Abin da kawai nake nuna musu shi ne ɗan faɗin yatsan da suke bari, in ce su lura, abin da ke da wuya daban yake da abin da ba zai yiwu ba.

Sau nawa na ce zan je in gan ta? Kowane dogon hutu da nasa dalilin. Hanya ba kyau, yaro ba lafiya, darasin hutu, maigida ya yi tafiya. Duk gaskiya ne, ba wanda na ƙirƙira. Ita kuwa gwiwa ta zaunar da ita gaba ɗaya, idon ma ya fara yi mata gardama, jikarta ce ke danna mata waya.

A zangon da ya wuce ta kira ni ana cikin tara. Ina zaune ni kaɗai a aji, yara suna waje suna ihu, igiya na rataye a saman kaina da kwalayenta. Muka yi doguwar gaisuwarmu. Ta tambayi mahaifiyata, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambaya ko masara ta yi a Bomo bana. Sannan ta ce, "'Yata, yaushe za ki zo in gan ki? Ko in ce in taba ki, tunda idon ya tafi."

Kafin in yi tunani bakina ya riga ni. Na ce, "Zan duba, Mama."

Sai na ji 'yar dariyarta, irin wadda take yi in yaro ya ba da amsa daidai ba tare da ya sani ba.

"A ina kika makala shi?"

Na ɗaga kai na dubi igiyar. Da zan iya cewa tsakiya, da na ce, amma ita ce ta koya mini lissafin, kuma na riga na yi mata wannan kuskuren sau ɗaya.

"Kusa da ƙusa, Mama."

"Ya taba ta?"

"Bai taɓa ba."

"To, bar shi a nan," in ji ta. "Kada ki bari kowa ya matsar da shi."

Aka kaɗa ƙararrawa, yara suka fara shigowa da gudu. Na juya musu baya na hau goge allon da babu komai a kansa.